Goyon Da Ba A Saukewa

Karatu: Ishaya 46:3-4, 49:13-16, Zabura 27:7-14

In mai wa'azi ya ambaci uwa a cikin majami'a, yawancin fuskoki sukan yi haske. Wannan ya tuna da wadda ta kwana a zaune sa'ad da ƙyanda ta kama shi. Wancan ya tuna da wadda ta sayar da akuyarta ta biya masa kuɗin makaranta. Daidai ne, ya kamata a gode wa Allah domin irin waɗannan mata. Amma in ka duba da kyau, za ka ga waɗansu sun sunkuyar da kai. Ba su da abin da za su tuna, ko kuwa abin da suke tunawa yana da ɗaci. Sukan yi shiru, gama a wurinmu abin kunya ne mutum ya buɗe baki ya ce bai san daɗin uwa ba. Maganar wannan wata dominsu ce. Sauran 'yan'uwa kuma su karanta, domin su san nauyin da wanda ke zaune kusa da su ran Lahadi yake ɗauke da shi.

1. Rashin nan ba iri ɗaya ba ne

Akwai wanda uwarsa ta rasu wurin haihuwarsa, ko tun yana rarrafe. Bai san kamanninta ba, sai abin da kaka ta gaya masa.

Akwai wanda aure ya mutu tsakanin iyayensa. Da aka yaye shi sai uwa ta koma gidansu, shi kuwa ya zauna a hannun kishiyarta. Waɗansu kishiyoyi sun riƙe 'ya'yan miji da tsoron Allah, Ubangiji ya sa musu albarka. Amma ba a banza ba ne tatsuniyoyinmu suke cike da labarin 'yar bora da 'yar mowa. Wani kuma uwar ta tafi da shi sabon gida, can aka riƙa kiransa agola, ita kuwa tana tsoron nuna masa ƙauna kada miji ya ji haushi.

Akwai wanda aka ba goggo ko kaka riƙo tun yana ƙarami. Ya ci, ya sha, amma har yau yana tambayar zuciyarsa, don me ni aka bayar, aka bar sauran?

Akwai ɗan fari, wanda al'ada ta hana uwarsa ta kira sunansa ko ta yi wasa da shi a gaban mutane. Sau da yawa ƙauna tana nan a ɓoye cikin zuciyar uwar, amma yaro ba ya ganin cikin zuciya.

Akwai kuma na ƙarshe, wanda nasa ya fi duka wuya. Uwa tana da rai, suna gida ɗaya, amma ƙofar zuciyarta a rufe take. Abin da yake samu daga gare ta sai zagi, da bambanci, da mugun baki. Maraya ana zuwa yi masa ta'aziyya. Wannan kuwa ba mai yi masa, in ma ya yi ƙorafi sai a ce ba shi da albarka.

Ya ɗan'uwana, ya 'yar'uwata, ko wanne ne naka a cikin waɗannan, Allah yana da magana dominka.

2. Littafi Mai Tsarki bai rufe ido ba

Abu na fari da za mu lura shi ne, Allah bai ce irin wannan ba ya faruwa ba. Mutane sukan ce ai ba uwar da za ta ƙi ɗanta, ta haka sai su rufe bakin mai ciwo. Maganar Allah ta fi mu faɗin gaskiya.

A cikin Ishaya 49:14 mutanen Sihiyona suna kuka, suna cewa Ubangiji ya rabu da su, ba ya ko tunawa da su. Da me Allah ya amsa musu? Ya kawo misalin ƙauna mafi ƙarfi da ɗan adam ya sani, watau ta mace mai goyo da jaririnta. Ya tambaya ko irin wannan mace za ta iya mantuwa da abin da ta haifa. Kowa zai yi saurin cewa, "Sam!" Amma Allah da kansa ya yarda cewa hakan yana yiwuwa. Sa'an nan ya ɗora alkawarinsa a kai, cewa ko da hakan ta auku, shi dai mantuwa ba ta kama shi ba game da nasa.

Mutanen Urushalima sun gane wannan magana da idonsu. Sa'ad da rundunar Babila ta kewaye birnin har ta rushe shi, wajen shekara 586 kafin haihuwar Kristi, yunwa ta yi tsanani ƙwarai. Littafin Makoki sura 4 ya nuna yadda jarirai suka nemi abinci ba mai ba su, har ya kamanta jama'ar da jimina, wadda takan bar ƙwanta a kan rairayi. Zunubi da wahala suna iya busar da nonon uwa, suna iya busar da zuciyarta kuma. Allah ya san haka. Saboda haka in ka zo gabansa da wannan ciwo, ba zai ce ƙarya kake yi ba, ba kuwa zai ce ka cika ƙorafi ba.

Dauda ma a Zabura 27:10 ya kawo abu mafi muni da zai iya samun mutum, watau uba da uwa duka su juya masa baya. Bai tsaya a nan ba, ya ce a ranar nan Ubangiji ne zai ɗauke shi ya shigar da shi gida.

3. Rafi da maɓuɓɓuga

Daga ina uwa ta sami ƙaunar da take yi wa ɗanta? Ba ita ta ƙago ta ba. Allah ne ya zuba mata. Ƙaunar uwa rafi ce, ƙaunar Allah ita ce maɓuɓɓuga. Da rani rafi yakan ƙafe, yashi ya rufe shi. Wanda ya ga busasshen rafi ya ce ruwa ya ƙare a duniya, ya yi kuskure.

Ga wani abu mai daɗi a cikin harshen Ibraniyanci, wanda aka rubuta Tsohon Alkawari da shi. Kalmar da suke kiran mahaifar mace da ita, da kalmar jinƙai, daga saiwa ɗaya suka fito. Haka yake a Larabci kuma, inda muka samo kalmarmu ta rahama. A Ishaya 49, kalmar da aka mora a aya 15 domin tausayin uwa ga ɗan cikinta, daga wannan saiwa ce aka mora a aya 13 domin tausayin Ubangiji ga mutanensa masu shan wuya. Ashe duk lokacin da muka roƙi rahamar Allah, muna roƙon irin tausayin nan ne da ke motsa cikin uwa in ta ji kukan jaririnta.

Allah Ruhu ne, ba namiji ba ne ko mace kamar mu. Yesu ya koya mana mu kira shi Uba. Duk da haka bai ji kunya ya kwatanta kansa da uwa ba. A Ishaya 66:13 ya yi alkawari zai lallashi mutanensa yadda uwa take lallashin ɗanta. A Hosea 11:3-4 ya tuna yadda ya koya wa Isra'ila tafiya, ya sunkuya ya ba shi abinci. A Matta 23:37 Ubangijinmu Yesu ya kwatanta kansa da kaza mai tattara 'yan tsakinta. Kowa ya ga abin da kaza take yi in shirwa ta kawo sura, ya san ma'anar wannan.

Amma wurin da ya fi taɓa zuciya shi ne Ishaya 46:3-4. A nan Allah ya ce shi ne yake ɗauke da mutanensa tun daga ciki, zai kuwa ci gaba da ɗaukarsu har su yi furfura. Ku tuna da goyo. Uwa mafi kirki takan goya ɗanta shekara biyu ko kusa da haka, sa'an nan ta sami wani ciki, ta kwance majanyi ta sauke shi. Dole ne, gama ƙarfinta yana da iyaka. Goyon Allah kuwa ba a saukewa. Tsoho mai sanda yana bayansa, kamar yadda jariri na kwana bakwai yake.

4. Sunan da aka sa maka, da sunan da Allah ya sa maka

Ciwon rashin ƙaunar uwa yana da dafi a ciki. Dafin shi ne tunanin da ke cewa, "In wadda ta haife ni ba ta so ni ba, lalle akwai abin ƙi a jikina." Shaiɗan yana son wannan tunani ƙwarai. Da shi yake kai yarinya hannun saurayin da ya fara yi mata daɗin baki. Da shi yake kai saurayi gidan giya. Da shi yake sa dattijo ya zauna shekara da shekaru cikin ekklesiya, yana waƙar ƙaunar Allah da baki, amma a zuci yana cewa ta waɗansu ce.

Mu dubi mutum biyu.

Rahila ta yi naƙuda mai wuya a kan hanya, kusa da Baitalami (Farawa 35:16-19). Da ta ga ranta yana fita, ta sa wa jaririn suna Ben-oni, watau ɗan baƙin cikina. Da an bar sunan nan, da kullum aka kira yaron sai a tuna masa cewa haihuwarsa ce ta yi ajalin uwarsa. Amma ubansa Yakubu bai yarda ba. Ya sāke masa suna, ya kira shi Banyamin, watau ɗan hannun dama. Bayan shekaru masu yawa, da Musa ya zo sa wa kabilun Isra'ila albarka, ya kira kabilar Banyamin abin ƙaunar Ubangiji, ya yi maganar zama a tsakanin kafaɗu (Kubawar Shari'a 33:12). Masu bincike da yawa sun ga hoton yaro ne a bayan mai goyonsa. Wanda bai taɓa hawa bayan uwarsa ba, ga shi a bayan Allah. Daga kabilar nan kuwa manzo Bulus ya fito.

Na biyu shi ne Yabez (1 Labarbaru 4:9-10). Uwarsa ba ta mutu ba, amma ta sa masa suna mai tuna azabar da ta sha wurin haihuwarsa. Yaro ya tashi, sunansa wahala. Me ya yi? Bai zauna yana la'antar uwarsa ba, bai kuwa karɓi sunan ya ce ƙaddararsa ke nan ba. Ya kai kukansa wurin Allah na Isra'ila, ya roƙi albarka da kariya daga masifa. Allah ya amsa masa. Littafi ya shaida cewa ya fi 'yan'uwansa daraja.

Wataƙila an kira ka mara amfani, ko mai farar ƙafa, ko an ce gara da ba a haife ka ba. Mutane da yawa suna zaune cikin tsoron bakin uwa har tsufansu. Ka ji wannan da kyau: maganar uwa tana da nauyi, amma ba ita ce magana ta ƙarshe a kanka ba. Kristi ya ɗauki la'ana a jikinsa a kan gicciye (Galatiyawa 3:13). Wanda Allah ya sa wa albarka cikin Ɗansa, ba bakin da ya isa ya warware ta.

Ishaya 49:16 ya ce Allah ya zana mutanensa a tafin hannunsa. Wannan ba irin lalle ba ne, da mace takan ƙunsa yau, bayan 'yan makonni ya goge. Ya fi kama da tsagar wanzami, wadda mutum yakan shiga kabari da ita. Mu da muke bayan gicciye mun san hannuwan nan. Su ne Yesu ya miƙa wa Toma domin ya ga gurbin ƙusa (Yohanna 20:27). In kana so ka san darajarka, kada ka neme ta a fuskar wadda ta ƙi ka. Dubi hannuwan nan.

5. Allah yakan aiko da hannuwa

Wani zai ce, "Na ji, amma Allah yana sama, ni kuwa ina bukatar wanda zai tambaye ni ko na ci abinci." Gaskiya ne, Allah kuwa ya sani. Ta'aziyyarsa takan zo ta wurin Maganarsa da Ruhunsa, takan zo kuma ta hannun mutane.

Hadassa, wadda muka sani da suna Esta, ba ta da uwa ba ta da uba. Mordekai ɗan'uwanta ya ɗauke ta ta zama 'yarsa (Esta 2:7), ta wurinta kuwa aka ceci Yahudawa. Yo'ash yana jariri kakarsa Ataliya ta tashi za ta hallaka dukan 'ya'yan sarauta. Goggonsa Yehosheba ta sace shi, aka ɓoye shi shekara 6 a cikin Haikali, yana da shekara 7 ya hau gadon sarauta (2 Sarakuna 11). Bulus yana babban mutum ya aika da gaisuwa ga uwar Rufus, ya ce shi ma uwa ce a gare shi (Romawa 16:13).

A ƙasarmu ma an ga haka. A shekara ta 1821 mahara suka faɗa wa garin Osogun a ƙasar Yarabawa, suka kama wani yaro mai suna Ajayi, aka raba shi da uwarsa, aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu. A 1822 jiragen yaƙin Ingila suka tare jirgin bayin da yake ciki, aka sauke shi a Saliyo. Ba uwa, ba dangi, ba mai jin labarin gidansu. Can masu bi suka karɓe shi, suka koya masa karatu. A 1825 aka yi masa baftisma da suna Samuel Crowther. Sai a 1846, bayan shekara 25, ya sāke ganin uwarsa a Abeokuta, daga baya ita ma ta karɓi baftisma. A 1864 aka naɗa shi bishop. Ba kowa ne Allah yake mayar wa uwarsa a wannan duniya ba, kada mu yi alkawarin da Allah bai yi ba. Amma ku lura, shekarun nan 25 da ba uwa, ba a bar yaron nan shi kaɗai ba ko kwana ɗaya.

Ubangijinmu yana kan gicciye, cikin azaba, ya dubi Maryamu da almajirin da yake ƙauna, ya haɗa su su zama uwa da ɗa (Yohanna 19:26-27). Ba jini ne ya haɗa su ba, maganarsa ce. A Markus 10:29-30 kuma ya yi wa masu binsa alkawarin iyaye mata da 'yan'uwa ninki ɗari tun a wannan zamani. Ina za a same su? A cikin ekklesiya. Saboda haka ka buɗe ido. Wataƙila tsohuwar nan da takan tsaya ta gaishe ka bayan sujada, ita ce amsar addu'arka.

6. Abin da za ka yi

Da fari, ka yi kukanka a gaban Allah. Kada ka ce ai na girma. Ciwon da aka rufe da tsumma ba a wanke ba, ruɓewa yake yi. Ka faɗa wa Ubangiji abin da aka yi maka da abin da aka hana ka, ɗaya bayan ɗaya. In nauyin ya fi ƙarfinka, har barci ko abinci ya gagara, ka nemi fasto ko wani dattijo mai riƙon asiri, ka kuma ga likita. Wannan ba rashin bangaskiya ba ne.

Na biyu, ka haddace ayoyin da ke kan wannan shafi. Muryar da ta zage ka shekara ashirin ba za ta yi shiru cikin kwana ɗaya ba. Duk sa'ad da ta taso, ka amsa mata da abin da Allah ya faɗa.

Na uku, ka nemi alherin gafartawa. Gafara ba ita ce cewa ba a yi maka laifi ba. Ita ce ka ɗauki shari'ar ka sa a hannun Allah, ka daina riƙon bashin. Sau da yawa uwar da ba ta ba da ƙauna ba, ita ma ba a ba ta ba. Wata an yi mata aure tun ba ta san kanta ba, wata ta sha wuya a gidan miji, wata ciwo ne a zuciyarta wanda ba a gane ba. Wannan bai wanke laifin ba, amma yakan buɗe ƙofar tausayi. Gafara takan ɗauki lokaci, kada ka fid da zuciya.

Na huɗu, in tana da rai, ka girmama ta gwargwadon ikonka, gama doka ta biyar ba ta ce sai uwar kirki kaɗai ba. Ka gaishe ta, ka taimake ta in ta tsufa, ka yi mata addu'a. Amma girmamawa ba ta tilasta ka ka zauna inda ake cutar ranka ko jikinka ba. Ka yi mata alheri saboda Kristi, ba domin ka sayi ƙaunarta ba. In ta sāke, ka gode wa Allah. In ba ta sāke ba, ba ka rasa gatanka ba.

Na biyar, kada ciwon ya wuce ta kanka zuwa ga 'ya'yanka. Ke da ba a rungume ki ba, ki rungumi naki. Kai da ba a taɓa yabonka ba, ka yabi ɗanka. Ki kira ɗan farinki da sunansa, ki bar shi ya ji daga bakinki cewa kina ƙaunarsa. Ta'aziyyar da Allah ya yi mana, domin mu yi wa waɗansu ce (2 Korintiyawa 1:4).

7. Magana ga ekklesiya

Mukan ce ɗa na kowa ne. To, bari mu nuna haka. Ku matan zumunta, ku san yaran da ke zuwa makarantar Lahadi da riga a yage, da kai ba kitso. Ku san sunayensu. Ke da kike riƙon ɗan kishiya ko ɗan 'yar'uwa, ki tuna Allah ya yi kashedi mai zafi a kan wulakanta maraya, ya ce yana jin kukansa (Fitowa 22:22-23). Ƙwaryar da kika zuba wa naki, ita za ki zuba wa wancan. Kai maigida, kada ka ce harkar yara ta mata ce, kai za a tambaya. Ku dattawa, in kun ji ana azabtar da yaro a gidan mai bi, kada ku ce sha'anin gida ne. Ku shiga, ku tsawata, ku ceci yaron. Yaron da aka ƙi a gida, in ya zo gidan Allah aka ƙi shi kuma, a ina zai koyi cewa Allah ƙauna ne?

Kai kuma da kake karatun nan ba ka riga ka ba da kanka ga Yesu Kristi ba, ga ƙofa a buɗe. Ba a tambayar wace ce uwarka, ko a ɗakin mowa aka haife ka ko a na bora. Duk wanda ya karɓi Ɗan, an ba shi iko ya zama ɗan Allah (Yohanna 1:12). Allah gatan kowa ne, amma sai wanda ya yarda aka ɗauke shi yake sanin daɗin goyon.

Mu yi addu'a

Ya Ubanmu na sama, kai da ka san mu tun muna ciki, ka dubi 'ya'yanka waɗanda ba su san daɗin uwa ba. Ka share hawayen da ba wanda ya gani. Ka kawar da mugayen sunayen da aka sa musu, ka sa su ji sunan da kai ka kira su da shi. Ka ba su ikon gafartawa. Ka yi jinƙai ga iyaye mata waɗanda zuciyarsu ta bushe, ka jiƙa ta da ƙaunarka. Ka mai da ekklesiyarka gida ga marayu. Ka riƙe mu a bayanka har furfura, har ran da za mu ga fuskarka. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.